Faranti Goma Sha Biyu

Ku samarin da kuke shigowa kicin ɗinmu na unguwar Misfala a Makka lokacin aikin Hajji, kuna ɗaura ƙyalle a ƙugu kuna ɗaukar hoto kusa da tukunya, na san abin da kuke faɗa idan na juya baya. Wai girki ba sana'a ba ce, shinkafa ce da ruwa da wuta, ko makaho ya iya. To, duk wanda ya taɓa tuƙa tuwon mutum ɗari biyar da muciyar da ta kai tsawonsa, zafi na dukan fuskarsa, ya san ba haka ba ne. Amma ba wahalar muciya nake son gaya muku ba, wannan kafaɗunku za su gaya muku da kansu. Ina son ku san dalilin da ya sa nake hana ku rufe ƙofar baya, da dalilin tiren nan guda da nake ajiyewa a gefe kullum, wanda kuke cewa tsufa ne ya sa na manta ƙirga shi.

Sunana Isuhu, mutumin Tasawa ne a ƙasar Nijar. Ina da shekara goma sha shida na sauka Yamai, ina dako a kasuwa. A nan wani dattijo ya ba ni kwandon kayan miya na kai masa, ya ga ban murƙushe masa tumatir ko ɗaya ba, sai ya tambaye ni ko ina son aiki. Shi ne Baba Sanda, mutumin Dogondutse, tsohon sojan Faransa, kuma kuku a gidan wani kwamandan Faransawa. Lokacin an ce mun sami 'yancin kai, amma sojojinsu suna nan zaune daram a barikinsu, kamar ba su ji sanarwar ba.

Aikina na farko albasa ce. Wata uku cur ban taɓa tukunya ba, albasa kawai nake yankawa, Baba Sanda yana ɗaukar yanka ɗaya ya ɗaga ta saitin taga. In bai hango haske ta cikinta ba, sai ya ture mini kwanon ya ce in sake. Da wata tsohuwar wuƙa mai lanƙwasa nake yi, don tasa ba mai taɓa ta. Tasa baƙin ƙarfe ce, da ƙota ta itace mai ƙusoshi uku na tagulla, da tabon ƙuna a gindin ƙotar inda ta taɓa faɗawa kan murhu. Daga can ƙasar Faransawa ya zo da ita. Ba ya barin ta cikin ruwa, yana gama yanka zai goge ta, kowace Juma'a kuma ya wasa ta a dutse da ɗigon mai. Ya kan ce kuku da wuƙarsa kamar malami ne da alƙalaminsa, ba a ara.

Gaskiya ɗaya zan faɗa kafin in fara sukarsu: Faransawa sun iya girki. A wurinsu na koyi dafa ƙashi tun asuba a wuta ƙasa-ƙasa har ruwan ya yi danƙo, da narka man shanu da gari ba tare da ya yi gudaji ba, da wani abin ƙwai da ake gasawa ya kumbura, in ka yi jinkirin kai shi tebur ko na minti biyu ya saɓe ya zama kamar tsohuwar hula. A wurinsu na koyi tsabta da lokaci. Idan aka ce ƙarfe takwas, to takwas ɗin ce. Tsabtar da kuke gani a kicin ɗin nan, wadda masu duba lafiyar abinci suke yabo, daga can na taho da ita.

Abincin nasu kuwa sai dai a yi shiru. Nama suna son sa da jini a ciki, in ka dafa shi ya nuna a ce ka ɓata. Akwai wani cuku da matar kwamanda, wadda muke kira Madan, take ɓoyewa cikin gwangwani, ranar da na fara buɗe shi na ɗauka ɓera ne ya mutu a ciki. Suna cin ƙafar kwaɗo da dodon koɗi, suna zuba giya a miya. Baba Sanda ya dafa musu alade shekara da shekaru bai taɓa kai shi baki ba, da hanci yake gane gishiri ya ji. Ni ma haka na koya, ina yi ina istigfari, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Amma duk wannan ban riƙe su da shi ba, kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Abin da na riƙe su da shi, ƙirga ne.

Idan za a yi baƙi, Madan takan shigo kicin da safe da takarda. Mutum takwas, ko goma, ko goma sha biyu. Yankan nama daidai adadin, dankali daidai adadin, kowa da sunansa a ɗan kati gaban kujerarsa. Wanda bai yi randebu ba, wato ba a ba shi rana da sa'a tun da wuri ba, ba shi da wurin zama. Na ga ranar da wani hafsa ɗan'uwansu, fari kamarsu, ya faɗo lokacin cin abinci, aka zaunar da shi a baranda da kofi ɗaya a hannu har suka gama. Uwar kwamanda tana can ƙasarsu a gidan ajiye tsofaffi, sau ɗaya a shekara yake aika mata kati mai hoton raƙumi. Amma karensa kullum sai an auna masa hanta a sikeli. Sunan karen Sultan, kuma ba su ga abin kunya a kiran kare da sunan sarauta a ƙasar da ke da sarakuna ba. Abin da ya rage a faranti, doka ce, ba a miƙa shi ƙofa, wai yana jawo mabarata. Ko kare ya ci, ko a zuba a shara.

Idan muka tashi aiki sai in bi Baba Sanda gidansa a unguwar Bukoki, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Matarsa Inna Hajo za ta ajiye akushi ɗaya, duk wanda ya yi sallama ya wanke hannu. Akwai 'yarsu Ramatu, 'yar shekara goma, ita ke zuba mini ruwan wanke hannu tana ce mini Yaya Isuhu mai warin albasa. Shekara huɗu ina cin tuwon gidan nan, ban taɓa jin an tambayi mutum nawa ne yau ba.

Duk da haka shi ne ya zaunar da ni ya koya mini dokar gidan kwamanda. Ya ce, "Isuhu, in kana son zama da Annasara, ka iya ƙirga. In ta ce faranti goma sha biyu, goma sha biyu na. Ko ubanka yaz zo, ba shi cikin lissafi. Wanga shi ka riƙe ma aikinka."

Ya san su fiye da yadda suka san kansu. Yana saurayi aka kama shi soja, aka kai shi yaƙin da bai san mafarinsa ba, ƙanƙara ta cinye masa yatsun ƙafa biyu. Ya ce idan za a shiga wuta baƙaƙe ne a gaba, da aka ci nasara za a shiga gari da kiɗa sai aka janye su baya, farare suka yi faretin. Ɗan abin da ake ba shi na tsohon soja bai kama ƙafar na abokinsa fari da suka kwana rami ɗaya ba. Lambobinsa uku na girma suna cikin gwangwanin madara. Sau ɗaya a shekara, ranar bikin ƙasarsu, ake tara tsofaffin sojoji a jera su a rana da lambobi a ƙirji, a sara musu, a busa ƙaho, sannan Faransawa su shige inuwa cin abinci, tsofaffi su kama hanyar gida a ƙasa. Kwamanda kuwa, wanda Baba Sanda ya kusa haifa, boyi yake kiran sa.

Wata rana yana zuba miya a gaban baƙi hannunsa ya yi rawa, ta ɗiga a farin ƙyallen tebur. Dama rawar ta jima da farawa, ni nake rufa masa asiri a yanka. Washegari Madan ta sallame shi a tsaye a bakin kicin, ta juyo ta ce daga yau ni ne kuku. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji daɗi. Na raka shi ƙofa ina sunkuyar da kai, amma cikina fari tas. Aka ba ni ɗaki a bayan gida, na bar kwana Bukoki. Da farko ina leƙa su duk Juma'a, daga baya sai wata-wata, daga baya sai in na tuna.

Sai shekarar babban fari ta zo. Dabbobi suka mutu a arewa, mutane suka kwararo Yamai, Buzaye da Fulani da namu, waɗanda jiya suke da garke yau suna riƙe da kwano. Kullum da safe akwai mata a ƙofar baya ta gidan kwamanda, da 'ya'ya a goye, ba sa ko magana. Madan ta sa aka ƙara kwaɗo a ƙofar. Jirgin sojansu kuwa bai fasa sauka ba, da man shanu da tuffa da naman maraƙi daga ƙasarsu. Ban ce ba su raba hatsi a wani wuri ba, na ji an ce sun raba, har da masu ɗaukar hoto. Abin da idona ya gani shi ne ƙofarmu, kuma ko ɓawon burodi bai taɓa fita ta cikinta ba. Ni ma na koyi wucewa ta gaban matan nan da kwandon kasuwa ba tare da na dube su ba.

Ranar bikin ƙasarsu ta wannan shekara Madan ta ce goma sha biyu. Da la'asar ina kan miyar man shanu, wadda in ka ɗauke ido ta tsinke, sai mai gadi ya leƙo ya ce Baba Sanda yana ƙofa. Na sauke tukunyar na fita da gudu-gudu. Yana tsaye cikin tsohuwar rigarsa ta kaki da lambobin nan uku, daga wurin fareti yake. Ya rame har wuyan rigar ya yi masa yawa. A hammatarsa akwai wani ƙunshi cikin tsumma. A shekarar nan duk wanda ka gani a ƙofa da ƙunshi, kwano ne a ciki, don haka ban ko tambaya ba. Ban kuma buɗe kwaɗon ba, ta tsakanin ƙarafa muka gaisa.

Ya ce, "Isuhu, ina wuni? Yaya aiki?"

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Amma yau ba dama. Goma sha biyu ne, Madan ta ƙirga."

Ya dube ni. Ya ce, "Goma sha biyu na?"

Na ce, "Eh, Baba. Ka dawo gobe da hantsi, zan ɓoye maka wani abu."

Ya gyara ƙunshin a hammatarsa, ya ce, "To, madalla. Koma ga wutarka, miya ba ta jiran mutum. Allah shi kai mu."

Na koma, miyar ba ta tsinke ba, har Madan ta yaba. Baƙi goma sha ɗaya suka zo, ɗaya ya aiko cewa zazzaɓi ya kama shi. Farantin na goma sha biyu, da namansa da dankalinsa, ni da hannuna na kai wa Sultan.

Washegari na ɓoye cinyar kaza a cikin takarda, bai zo ba. Na jira kwana biyu, uku. Sai da mako ya zagayo na je Bukoki, na tarar da wasu baƙin fuska a ɗakin. Maƙwabta suka ce ai washegarin bikin da sassafe suka hau babbar mota, sun koma ƙauyensu can wajen Dogondutse. Na ce zan je da zarar na sami hutu. Hutu ya zo ya wuce sau da yawa, kunya ta hana ni, daga baya na ji a bakin wani direba cewa ya rasu.

Da sojojin suka kwashe nasu ya nasu, na bi wasu Faransawan zuwa arewa, wurin da suke haƙar ma'adini. Can ma haka, unguwarsu da lantarki da ciyawa kore da wurin wanka, garin ma'aikata da duhu da ƙura. Shekara kusan ashirin na yi musu, sannan Allah ya kira ni Makka. Na sami kafili, wato ubangidan da ke tsaya wa baƙo, mai kicin, ya yi mini iƙama, takardar izinin zama, na zauna. Na ɗauka na baro su ke nan, ashe zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kafilina ya ga kicin ɗinsa ya daina asara, ko cokali ba ya ɓata, sai ya ɗora ni kan kowa yana ce mini Isuhu Faransawi. Sunan yana ƙona mini rai, amma ni na saye shi. Lokacin da aka fara rushe gidajen kan tudun Makka, matan Takari, wato 'yan ƙasashenmu mazauna garin, da suka rasa matsuguni sukan zo ƙofar baya neman ƙanzo. Ni ne na sa aka yi wa ƙofar sakata.

Cikin shekarun nan ne sojojin Faransa suka sake dawowa ƙasashenmu, wai sun zo korar 'yan bindiga. Alhazan Nijar da na Mali suna zuwa da labari, jirage na yawo a sama dare da rana, ana cewa suna ganin ko akuya daga can, amma a kashe mutanen ƙauye guda ba su gani ba. Ga kuma wata jarida tasu da ta yi izgili ga Manzon Allah, suka ce wai 'yanci ne. In aka zauna hira a kicin muryata ta fi ta kowa. Nakan ce ni na san su, baƙon da ya zo da gadonsa ba kwana ɗaya zai yi ba, kuma ba su taɓa ba da abu ba sai sun ƙirga abin da za su ɗauka. Har yau ban janye ko ɗaya cikin maganganun nan ba. Sai dai ina zagin su da baki, hannuna yana bin dokarsu.

Aikin Arfa shi ne jarrabawar kuku. Kwana biyu kafin ranar muke tafiya mu kafa murhu, da itace, don ba a yarda da tukunyar gas a wurin ba. Tukwanen mutum zai iya zama a ciki. Shinkafa za ka jiƙa ta daidai, don in ta caɓe ba ka da wata, in ta yi tsatstsaye tsofaffi ba za su iya ci ba. Nama ba ya jure zafin wurin, daga ƙanƙara sai tukunya. Kuma dole abinci ya isa tantuna kafin azahar, don alhaji ya ci ya fuskanci addu'a. Kowane tanti da adadin tirensa a rubuce. Dokata ita ce, daga lokacin da aka fara zubawa ba mai shiga, ba mai yi mini magana. A ƙofa nake ajiye Malam Hamisu, wani Bakano sa'ana, wanda muka shekara goma sha wani abu muna aiki tare.

A shekarar da nake ba ku labari, Arfa ta faɗo cikin tsananin zafi. Ina tsakiyar ƙirga tire, ina nunawa da yatsa, sai Malam Hamisu ya matso.

Ya ce, "Alhaji Isuhu, wata baiwar Allah ce 'yar Nijar, tun ɗazu take tsaye a rana. Ta ce wurinka ta zo."

Ban ɗago ba. Na ce, "Yau kowa wurina yake zuwa. Ta koma tantinsu, abinci zai same ta can."

"Ai ta ce sunanta..."

"Ka ce mata bukura."

Ya ce, "Gobe? A Arfa? Haba Alhaji, wa za ka samu a nan gobe?"

Na ce, "Hamisu, ka ɓata mini ƙirga." Na koma farkon layi na sake.

Abinci ya fita daidai, ko tire ɗaya bai yi ƙasa ba. Bayan la'asar na zauna a kan buhun shinkafa ina shan ruwa, sai Malam Hamisu ya ajiye mini wani ƙunshi a cinya. Tsohon ƙyallen kaki ne, an ɗaure da zare. Na kwance. Wuƙa ce, baƙin ƙarfe, wasawa ta cinye ta har ta sirance. Ƙusoshi uku na tagulla, da tabon ƙuna a gindin ƙota.

Malam Hamisu ya ce, "Ta jira har inuwar tanti ta juya. Ta ce in ce maka Ramatu ce, ɗiyar Sanda."

Na fita ba takalmi ina kiran sunanta tsakanin tantuna. Ku da kuka san Arfa kun san wautar da na yi, fararen kaya ne iya ganinka, masu suna Ramatu kuma sun fi ɗari. Rana ta faɗi, jama'a suka ɗaga gaba ɗaya, filin ya zama wayam. Kwanakin Mina ina ɗaure a bakin murhu. Da muka dawo Makka na bi masaukan alhazan Nijar ɗaya bayan ɗaya, ina hawa bene ina sauka da gwiwoyin nan nawa. A kwana na tara na sami matar da suka zauna ɗaki ɗaya, ta ce ai Hajiya Ramatu tana cikin jirgin farko, shekaranjiya suka tashi. Ta ce tun saukarsu take yawon nemana a Misfala da ƙunshin a jaka, sai a Arfa wani ya gaya mata ai ni nake dafa wa sansaninsu. Ta ba ni lambar wayar ɗanta.

Na yi kwana biyu da lambar a aljihu kafin na iya bugawa. Da aka miƙa mata, muryar tsohuwa na ji, amma dariyar ta yarinyar nan ce.

Ta ce, "Yaya Isuhu mai warin albasa! Saƙo ya kai?"

Na ce, "Ya kai, Ramatu. Ki yafe mini. Wallahi ban san ke ce ba."

Ta ce, "Ba komi, Yaya. Amana ta, na sauke. Shekara arba'in tana cikin adakata. Wata maƙwabciyarmu ce tac ci tuwonka a Makka, tad dawo tana labarin wani kuku Batasawe da yay yi aikin Annasara, nic ce wanga Yaya na."

Na tambaye ta abin da na shekara arba'in ina tsoron tambaya. Na ce, "Ranar nan da Baba ya zo ƙofar kwamanda, yunwa ce ko?"

Ta ce, "Wace yunwa? Da tuwonmu munka kwana. Bankwana yaz zo yi ma, shi ba ka wuƙar, tunda hannunshi ya bar aiki. Da yad dawo da ita Inna tat tambaye shi, yac ce yaron na cikin aiki. Da ciwo yak kama shi yab ba ni ita, yac ce in na gan ka in ce ma kar ka riƙe abin a rai, laifinshi na, shi yak koya ma ƙirga."

Na ce me ya sa ba ta kutsa ta shigo ba a Arfa, ai da ta ɗaga murya da na ji.

Ta ce, "Na hange ka ta tsagar tanti, kana nuni da yatsa kana motsa baki, sak Baba. Sai nij ji ban son in ɓata ma lissafi."

Na ce to ta dai koma ta sami abincinta a tanti? Ta ce a'a, a hanyar komawa ta ɓace, jiri ya ɗebe ta, ta zauna a gefen hanya. Wani alhaji ne ya tsaya a kanta da lema, fari sol, da jan gemu. Ya ba ta ruwa, ya raba burodinsa biyu ya ba ta rabi da dabino, ya kama jakarta har ƙofar sansaninsu. Ta ce da ɗan Faransancin da ta tsinta a Yamai ta tambaye shi daga ina, ya ce daga Faransa, shekararsa uku da musulunta.

Ta ce, "Ka gani, Yaya, ko cikinsu akwai na Allah."

Na ce mata haka ne. Ban gaya mata cewa tirenta yana cikin waɗanda na ƙirga daidai ba, an kai shi tanti ya huce ba mai ci.

Na yi mata alkawarin zuwa Dogondutse in ga kabarin Baba. Shekara ta zagayo, kafili ya ce in bari a gama Umrar azumi, na bari. Kafin Hajji ɗanta ya bugo ya ce Hajiya ta cika. Da na sani ƙeya ce, kullum a baya take, kuma tawa ta yi mini nauyi ƙwarai.

Faransawa sun ɗauki abubuwa da yawa a ƙasarmu, wasu a jirgi, wasu a mota, masu ilimi sun fi ni sanin lissafinsu. Ni abin da suka ɗauke mini a kicin ne, kuma ni na miƙa musu da hannuna don a ce na iya aiki. Ku koyi tsabtarsu, ku koyi lokacinsu, ku yanka albasa har a hango haske ta ciki. Amma in kuna tsakiyar zuba abinci aka ce wani yana ƙofa, ku ajiye ludayin ku je ku ga ko wane ne, ku tambayi abin da ke cikin ƙunshinsa. Shinkafa za ta jira.

Wuƙar tana nan, ita ce kuke gani ina wasawa ranar Juma'a, wadda nake hana ku taɓawa. Sakatar ƙofar baya ni na cire ta da kaina, kafili ya yi faɗa ya gaji. Tiren da ke gefe kuwa ba mantuwa ba ce, na wanda bai yi randebu ba ne. Kullum sai an sami mai ci, sai dai mutum biyun da na ajiye shi dominsu ba za su zo ba.